Harajin Waya da Zaɓen Ghana na 2024: Yadda Wani Adashin Mata a Zangon Kumasi Ya Kusa Watsewa

Asalin lamarin: kafin Nuwamba 2021

Adashin da ake magana a kansa na mata ne 'yan kasuwa, yawancinsu mazauna wata unguwar zango a Kumasi, kuma ya girmi rikicin da ya same shi da shekaru masu yawa. Hannu 20 ne, kowane hannu yana zubin sidi (kuɗin Ghana) 200 duk ranar Juma'a, sai a haɗa sidi 4,000 a bai wa wadda ranarta ta zo. Cikinsu akwai masu sayar da albasa, da masu atamfa, da masu koko da ƙosai, da masu tuwo da wake da shinkafa a bakin titi. Goma sha uku suna Kumasi, uku suna Techiman, biyu suna Tamale, biyu suna Akra, amma dangantakar aure da ta maƙwabtaka ta haɗa su duka. Uwar adashin dattijuwa ce wadda kowa yake kira Hajiya. Ba ta da hannu a ciki. Aikinta riƙe littafi, da tattara zubi, da cike giɓin wadda ta makara har zuwa ranar Asabar, sannan mai kwasa ta ba ta ɗan tukwici.

Har zuwa farkon 2020 da tsabar kuɗi ake zubi. A ƙarshen Maris na shekarar aka kulle Kumasi da Akra na mako uku saboda cutar korona, fita ta yi wuya, sai matan suka koma tura kuɗi ta waya, abin da kowa a Ghana yake kira MoMo. Tsarin ya zauna daram: kowace mace ta tura zubinta zuwa lambar Hajiya, ita kuma da yamma ta tura kwasar gaba ɗaya ga mai rana. Kuɗin da kamfanin waya yake karɓa a kan tura kwasar daga tukwicin Hajiya yake fita, kuma bai taɓa zama abin magana ba. Abin lura a nan, wanda shi ne tushen duk abin da ya biyo baya, shi ne cewa kowane sidi yana yin tafiya biyu kafin ya isa hannun mai shi.

Ta fuskar siyasa kuwa matan ba su taɓa zama baki ɗaya ba. Mafi yawansu suna bayan jam'iyyar NDC, ɗaya daga cikin manyan jam'iyyun ƙasar biyu, kamar yadda aka san zanguna da dama, amma akwai 'yan NPP, babbar abokiyar hamayyarta, masu ƙarfin hali, kuma Hajiya kanta an san ta da jin daɗin gwamnatin NPP ta shugaba Nana Akufo-Addo saboda jikokinta biyu sun yi sakandare kyauta. Sun wuce zaɓen 2016 da na 2020 da tsokanar juna, ba a taɓa fasa zubi ba.

Nuwamba 2021 zuwa Afrilu 2022: doka a majalisa, gardama a unguwa

Ranar 17 ga Nuwamba 2021 ministan kuɗi Ken Ofori-Atta ya gabatar da kasafin 2022, ya kuma sanar da sabon haraji a kan tura kuɗi ta waya da ta banki, wanda aka sa wa suna E-Levy. Kashi 1.75 cikin ɗari aka nema da farko, tare da yafe sidi 100 na farko da mutum ya tura a kowace rana, kuma gwamnati ta ce tana sa ran samun kusan sidi biliyan 6.9 a shekara. Hujjarta ita ce dimbin masu sana'ar hannu da ƙananan 'yan kasuwa ba sa biyan harajin kuɗin shiga, alhali hada-hadarsu ta koma waya. A cikin kasafin ne kuma aka soke kuɗin da ake karɓa a shingayen manyan hanyoyi.

Majalisar lokacin a tsage take gida biyu: NPP kujera 137, NDC kujera 137, sai ɗan takara mai zaman kansa guda ɗaya da ya jingina da NPP, shugaban majalisa Alban Bagbin kuma daga NDC ya fito. Saboda haka dokar ta sha wuya. A daren 20 ga Disamba 2021 sai da 'yan majalisa suka ba hamata iska a zauren, hotunan kuma suka zagaye wayoyin jama'a, har da zauren WhatsApp na matan adashin. An zartar da dokar ranar 29 ga Maris 2022 a kan kashi 1.5, bayan 'yan adawa ƙarƙashin Haruna Iddrisu sun fice, shugaban ƙasa ya sa hannu bayan kwana biyu, aka tsayar da 1 ga Mayu a matsayin ranar farawa.

A duk waɗannan watanni matan sun yi ta musayar saƙon murya a kan wa ya yi daidai, wa ya ci amana, amma babu wadda ta zauna ta lissafa abin da dokar za ta yi wa adashinsu. Sabon zagaye ya fara ranar Juma'a 4 ga Maris 2022 ba tare da an tsayar da wata magana a kan harajin da yake tafe ba.

Mayu zuwa Yuli 2022: cirewa daga kwasa

Harajin ya fara aiki daidai ƙarshen azumi, ana hidimar ƙaramar sallah. A lokacin mutum tara sun riga sun kwashe sidi 4,000 cif, saura goma sha ɗaya. Ranar Juma'a 6 ga Mayu lissafin ya fito fili. Mai turawa ce take biya, don haka kowace mai zubi an cire mata sidi ɗaya da rabi a kan ɗari na biyu na zubinta, muddin ba ta tura wa wani kuɗi ba a ranar. Wannan bai dami kowa ba. Da Hajiya ta zo tura kwasar sai harajin ya hau kan sidi 3,900, wato sidi 58 da rabi. Idan aka haɗa tafiya biyun, adashin yana zubar da sidi 88 da rabi a mako, sidi 1,770 a zagaye ɗaya, kusan rabin kwasa guda.

Hajiya ta yi abin da ta ga ya fi sauƙi, ta cire harajin daga kwasar, mai rana ta karɓi sidi 3,941 da rabi. Mai ranar farko 'yar NDC ce mai sayar da atamfa, kuma ba ta yi shiru ba. Ta ce ita ma ta zuba wa mutum tara kuɗinsu ba a rage musu ko kwabo ba, ta kuma ƙara da cewa waɗanda suka zaɓi masu harajin su ya kamata su biya shi. Ƙorafinta na farko gaskiya ne tsantsa, kuma yana da magani mai sauƙi: asarar mutum goma sha ɗaya ta kama sidi 643 da rabi, idan aka raba wa hannu 20 kowa zai ɗauki kimanin sidi 32. Amma maganarta ta biyu ce ta zauna a kunnen mutane. Da aka kawo shawarar cewa taran farko su mayar da nasu kason, huɗu daga cikinsu suka ƙi, suka ce ba za a ci su tara saboda ƙuri'arsu ba. Zagayen ya ƙare ranar 15 ga Yuli ba a daidaita ba, gaisuwa ta fara raguwa a wajen suna da biki.

Agusta 2022 zuwa Janairu 2023: komawa tsabar kuɗi

Dokar ba ta shafi saka kuɗi a waya ko cire su a rumfar mai MoMo ba, kuma mutanen Ghana da yawa sun bi ta wannan ƙofa. Abin ya bayyana a aljihun gwamnati: a bitar kasafi ta watan Yuli 2022 an sauke abin da ake sa ran samu daga harajin zuwa sidi miliyan 611, ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na burin farko. A farkon watan nan ne kuma gwamnatin da ta ce harajin zai taimaka mata ta tsaya da ƙafarta ta nufi Asusun Ba da Lamuni na Duniya, IMF.

Matan adashin ma sun yanke shawarar barin waya. Na Kumasi su kawo kuɗi gidan Hajiya bayan la'asar, na nesa su aiko ta hannun direbobi ko su sa mai rumfa ya zuba kai tsaye. Wata biyu abin ya tafi, sannan ya fara tsagewa. Goron da ake bai wa direba ya ninka harajin sidi ɗaya da rabin da ake gudu sau da yawa. A watan Oktoba motar da ta ɗauko zubin Tamale ta lalace a hanya, kuɗin suka iso bayan kwana biyu, kuma mai ranar, wadda ta riga ta yi ciniki da dilan albasa, ta tarar farashi ya tashi. Ba ƙaramin lokaci ba ne wannan: sidin da ake canza dala ɗaya da kusan shida a farkon shekara ya haura goma sha uku kafin ƙarshen Nuwamba, hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 a Disamba, kuma kuɗin da ya kwana biyu a hanya ya rage daraja kafin ya iso. A Nuwamba aka ƙirga kwasa aka ga babu sidi 400. Masu aikowa sun rantse sun aiko, mai karɓowa ya rantse abin da aka ba shi ke nan, kuma babu saƙon waya da zai raba gardama. Hajiya ce ta cike. Mata uku suka janye a ƙarshen zagayen, biyu saboda jarinsu ya karye, ɗaya saboda ɓacin rai, aka maye gurbinsu da sababbi.

Shekarar 2023: ƙarin sidi biyu da dokar hana siyasa

Daga 11 ga Janairu 2023 harajin ya sauka zuwa kashi 1. Gwamnati ta so a cire yafiyar sidi 100 ta kullum, majalisa ta ƙi, amma a lokaci guda harajin VAT na kayan saye ya tashi daga kashi 12.5 zuwa 15. A Fabrairu adashin ya koma waya da sharuɗɗa uku. Wadda take so ta raba zubinta biyu, ɗari ranar Alhamis ɗari ranar Juma'a, don kada haraji ya taɓa ta. Kowane hannu ya ƙara sidi biyu a mako, a tara sidi 40 a biya harajin kwasa na sidi 39. Sannan an hana maganar siyasa a zauren WhatsApp.

Sharaɗin farko ya yi aiki, ko da yake ya ninka wa Hajiya yawan saƙonnin da take bi. Na biyu adalci ne ta kowace fuska, amma hannu shida suka ƙi biya, dukansu na 'yan NDC, suka ce biyan ƙarin amincewa ne da harajin da ba su yarda da shi ba. Hannu 14 suna ba da sidi 28, saura 11, kuma Hajiya ta riƙa cikewa daga aljihunta ba tare da ta gaya wa kowa ba, don tana ganin fitar da maganar zai sake hura wuta. Sharaɗi na uku kuwa bai kashe gardamar ba, ya dai kore ta daga inda kowa yake ji zuwa inda ba a ji. Aka buɗe ƙananan zauruka biyu a ɓoye, kowane ɓangare da nasa, kuma a can ne jita-jita ta samu wurin kwana.

Nuwamba 2023 zuwa Agusta 2024: 'yan takara biyu, alƙawari ɗaya

Ranar 4 ga Nuwamba 2023 NPP ta tsayar da mataimakin shugaban ƙasa Mahamudu Bawumia, ɗan Walewale, Musulmi na farko da jam'iyyar ta ba tutar takarar shugabanci. NDC ta riga ta tsayar da tsohon shugaba John Dramani Mahama, ɗan Bole. Duka biyun 'yan arewa ne, kuma duka biyun sun san ƙuri'ar zango tana da nauyi.

Matsayin Bawumia a kan wannan haraji ya kasance mai wuyar karewa da wuyar kushewa gaba ɗaya. Shi ne ya ƙaddamar a 2018 da tsarin da ya ba mutane damar tura kuɗi daga layin wani kamfani zuwa na wani, kuma a wata hirar rediyo a 2020 ya nuna bai ga dacewar ɗora haraji a kan MoMo ba, tun da yawancin masu amfani da shi talakawa ne. Amma yana kan kujerar mataimaki aka kawo dokar. Ranar 7 ga Fabrairu 2024, a wani jawabi a Akra, ya yi alƙawarin soke E-Levy da harajin caca da na hayaƙin motoci, da kawo harajin bai-ɗaya mai sauƙin lissafi, da yafe tsofaffin basussukan haraji, ya kuma kwatanta kansa da yaron mota da yake neman a ba shi sitiyari. Mahama a nasa ɓangaren ya yi alƙawarin soke E-Levy, da harajin caca, da na hayaƙi, da harajin korona na kashi 1, a cikin kwanaki 120 na farkon mulkinsa.

Mai kallo daga nesa zai ɗauka cewa tun da manyan 'yan takarar biyu sun yarda harajin zai tafi, gardamar matan ta ƙare. Akasin haka aka gani. 'Yan NDC suka kama maganar yaron mota, suka ce yaron da yake zaune gaba lokacin da mota ta faɗa rami bai da bakin cewa bai san hanya ba, kuma shi ne shugaban tawagar kula da tattalin arziki. 'Yan NPP suka ce mataimaki ba ya sa hannu a doka, suka tuna wa 'yan uwansu ɗaukewar wutar lantarki ta zamanin Mahama, wadda ake kira dumsor, suka kuma lissafa karatun sakandare kyauta da Asusun Raya Zango da aka kafa a 2017. Daga nan magana ta bar haraji ta shiga wuraren da suke ciwo. Wata ta ce bai kamata Musulma ta juya wa ɗan uwanta Musulmi baya ba. Wata dattijuwa ta amsa da labarin 1969, lokacin da gwamnatin Kofi Busia ta ba baƙi marasa takardu wa'adin barin ƙasa, zanguna suka yi ta raba iyalai, ta ce ba ta manta gidan siyasar da abin ya fito ba, wato gidan da NPP ta gada. Duk wanda ya tashi a zango ya san nauyin wannan shekara a bakin tsofaffi, kuma ni ban ga laifin mai tuna ta ba, sai dai ba a wajen lissafin adashi ya kamata ta fito ba.

Tambaya ɗaya mai amfani ta taso daga bakin wata mai koko, cewa idan an soke harajin da ya kawo sama da sidi biliyan ɗaya a 2023, alhali ƙasa tana ƙarƙashin yarjejeniyar dala biliyan 3 da IMF ta amince da ita a Mayun 2023, daga ina za a cike. Babu ɓangaren da ya ɗauki tambayar, don ta shafi 'yan takarar biyu daidai wa daida.

A watan Yuli 2024 Hajiya ta makara da tura kwasa sau biyu, saboda ciniki ya ja baya kuma cikon sidi 11 da na masu makara ya fara yi mata nauyi. A ƙaramin zauren 'yan NDC aka ce tana juya kuɗin ne, har aka ce an gan ta da atamfar jam'iyya. A na 'yan NPP aka ce ana so a tozarta ta ne saboda ra'ayinta. Kafin ƙarshen Agusta hannu bakwai sun sanar cewa za su fita su kafa nasu da zarar zagayen ya cika.

Satumba 2024: zaman makon Maulidi

Magajiyar unguwar, wadda ba ta cikin adashin kuma ɓangarorin biyu suna jin kunyarta, ita ta kira zama a tsakar gidanta a makon Maulidi, na nesa suka shiga ta waya. Ta zo da sharaɗi ɗaya: ba wadda za ta yi magana sai an karanta littafi. Ta sa 'yar ɗaya daga cikin matan, ɗaliba mai karatun akanta, ta kwana biyu tana gwada littafin Hajiya da saƙonnin da suke cikin wayarta.

Yarinyar ta zauna a kan tabarma da littafin a cinyarta, mai bangon shuɗi da ya sha hannu, ta karanta mako bayan mako. Ba a samu sidi ɗaya da ya ɓata ba. Abin da aka samu shi ne wani siririn layi a gefen kowane shafi, inda Hajiya take rubuta 11 da jan biro, mako 76, jimla sidi 836, ban da 400 na Nuwamban 2022. Hajiya ba ta ɗago kai ba har aka gama. Mai atamfar da ta fara ƙorafi a 2022, wadda tana cikin shidan da suka ƙi biya, ita ce ta fara cewa a yi mata lissafin nata.

Daga nan yarinyar ta nuna musu abin da ya fi ƙarfin adashin tun farko, wato tafiya ta biyu. Idan kowace mace ta tura zubinta kai tsaye ga mai rana, babu sauran dunƙulen sidi 4,000 da zai ratsa wayar kowa. Wadda ta raba zubinta kwana biyu ba za ta biya komai ba, wadda ta tura gaba ɗaya za ta biya sidi ɗaya, wadda ta riga ta cinye yafiyarta ta ranar wajen biyan dila za ta biya biyu, kuma kowa nata take ɗauka. An taɓa ambata wannan hanya a 2022, amma daga bakin 'yar NDC ta fito, sai aka ɗauke ta a matsayin dabarar ƙwace adashi daga hannun Hajiya. Akwai kuma damuwa ta gaske a ciki, domin Hajiya ce garkuwar mai rana idan wata ta makara. Aka warware wannan da haɗa mata biyu-biyu bisa kusancin wurin sana'arsu, kowace ta tsaya wa abokiyarta. Littafi ya ci gaba da zama a hannun Hajiya, kowace mai zubi ta tura mata saƙon shaida, tukwicinta kuma bai canza ba.

Abu na ƙarshe da Magajiya ta sa aka yi shi ne karanta alƙawuran haraji na 'yan takarar biyu daga takarda ɗaya, layi da layi. Nan kowa ta ji da kunnenta cewa a kan E-Levy babu bambanci tsakaninsu, saɓanin yana kan wanda aka yarda zai cika. Aka ɗage dokar hana siyasa, aka ce a yi gardama a babban zaure ranar Asabar bayan an rufe littafi, aka rufe ƙananan zaurukan. Bashin 2022 aka yafe wa juna. Na ƙarin sidi biyu ya kama 152 a kan kowane hannu cikin shidan. Biyar suka biya, aka ba Hajiya 760, ta ce ta yafe 76 da suka rage. Ta shidan ta ƙi, ta fita bayan zagayen.

Oktoba 2024 zuwa Yuli 2025: sakamako

Makonni uku na farko sun zo da kurakurai. Mai rana takan ga saƙonni sama da talatin ta rikice, waɗanda ba su iya karatu ba sai sun nemi 'ya'yansu, kuma sau ɗaya an tura ɗari zuwa lambar da ba ita ba, aka yi kwanaki kafin a dawo da shi. Daga Nuwamba kwasa ta riƙa cika kafin magaribar Juma'a. Cikin hannu bakwai da suka yi niyyar fita, shida suka zauna.

An yi zaɓe ranar Asabar 7 ga Disamba. Washegari da safe Bawumia ya amince da shan kaye tun kafin hukumar zaɓe ta sanar da sakamako, wanda ya bai wa Mahama sama da kashi 56, Bawumia kuma sama da kashi 41, ko da yake Bawumia ne ya ci yankin Ashanti inda Kumasi take. Zubin Juma'ar da ta gabaci zaɓen da na wadda ta biyo baya duk sun shiga a kan lokaci. Sabon ministan kuɗi Cassiel Ato Forson ya gabatar da kasafi ranar 11 ga Maris 2025, majalisa ta soke E-Levy a ƙarshen watan, Mahama ya sa hannu ranar 2 ga Afrilu. Harajin caca da na hayaƙi sun tafi tare da shi, na korona bai tafi a lokacin ba, an kuma ɗaga wani haraji a kan kamfanonin haƙar ma'adinai daga kashi 1 zuwa 3. A watan Yuni majalisa ta amince da ƙarin sidi ɗaya a kan kowace litar man fetur da dizal don biyan basussukan ɓangaren lantarki, ya fara aiki a tsakiyar Yuli. A zauren matan, waɗanda suka kare E-Levy su suka kushe wannan, waɗanda suka kushe E-Levy su suka kare shi, mai kokon kuma ta ce ga amsar tambayarta.

Hukunci

A ganina harajin yana da aibi na gaske a gininsa, kuma matan da suka ƙi shi ba su yi kuskure ba. Yana hawa kan motsin kuɗi ne ba tare da duba ko riba ce ko jari ko bashi ba, don haka kuɗin adashi, wanda na masu shi ne tun farko, ya biya sau biyu a rana ɗaya. Haka nan 'yan NPP na cikinsu suna da gaskiya da suka ce ƙasa mai bashi ba ta rayuwa babu haraji, kuma abin da ya faru a Yulin 2025 ya nuna haka. Amma cikin matakai huɗu da suka gaza, ɗaya ne kawai ya gaza saboda lissafinsa bai yi ba, wato komawa tsabar kuɗi. Raba asarar 2022, da ƙarin sidi biyu, da ma tura kuɗi kai tsaye da aka ƙi a karon farko, duk daidai suke a takarda, an ƙi su ne saboda bakin da suka fito ko saboda an ɗaura musu ma'anar ƙuri'a. Dokar hana siyasa ita ce ta fi yin ɓarna, domin ita ta haifi ƙananan zaurukan da aka ɓata sunan Hajiya a cikinsu. Shirun Hajiya ma, duk da kyakkyawar niyyarta, ya tsawaita matsalar da shekara ɗaya da rabi, tun da waɗanda suka ƙi biya sun ɗauka gwamnati suke hana kuɗi, alhali dattijuwar unguwarsu suke ci.

Zaman Satumba ya yi nasara saboda mai kiransa ba ta da hannu a adashin kuma ba a san ta da jam'iyya ba, saboda an karanta littafi kafin a buɗe baki, kuma saboda sabon tsarin ya kawar da kuɗin tarayya da za a yi jayayya a kan wanda zai biya. Soke harajin ya zo ne bayan wata shida da warware matsalar, don haka ba za a jingina masa nasarar ba. Bayan an soke shi an tambayi matan ko za a koma tara kuɗi a wayar Hajiya, ita da kanta ta ce a bar shi yadda yake, idonta ya gaji da bin lambobi da dare. Wadda ta fita ba ta dawo ba, amma ƙanwarta ce take riƙe da hannun yanzu, kuma an ɗaga zubi zuwa sidi 300 a zagayen da ya fara bayan babbar sallar 2025.